Keken yaro: a auna yaron kahin a saya

Zancenmu na yau a kan keke ne. Ba keken maigida ba, wanda ake kai hatsi kasuwa da shi. Keken yaro mai tasowa.

In kaka ta yi, anka sayar da wake ko gyaɗa, ko anka hitar da ɗan rago kasuwa, iyaye da yawa sukan yi tunanin saya ma yaro keke. Lokacin kuma ya zo kusa da buɗe makarantu, cikin watan Oktoba. Wani yaronshi ya gama makarantar firamare, an tura shi kwalej, kwalej ɗin kuma tana wani gari, kilometir 6 ko 8 daga gida. Da ƙafa, tahiyar awa ɗaya da rabi ce ko biyu, zuwa kaɗai. Da keke, in hanya na da kyau, minti 30 ko 40 sun isa. Yaron da ke taka wannan tahiya da ƙafa kullum yakan iso aji a gajiye. Wani ma, in ya gaji da abin, sai ya bar makarantar. Kun ga ke nan keke ya wuce abin wasa.

Amma keke kuɗi ne masu yawa ga talaka. Ba abin da ake saye kowace shekara ba ne. Shi ya sa in uba ya shiga kasuwa, abin da ke ranshi shi ne: bari in ɗauki babba, wanda yaron zai daɗe yana hawa. Nan ne kuskuren yake. Ni ma na yi shi.

Abin da ya same ni

Babban yarona yana da shekara 8 lokacin da na saya mashi keke. Ni kaɗai na tahi kasuwa, don ina so in ba shi mamaki. Na ga wani ƙarami, na ga wani babba, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Mai kekunan ya ce mini: «Malam, ɗauki babban. Yaro girma yake yi, gobe-gobe za ka ga ya cika shi.» Maganar ta shige ni. Na biya, na turo keke gida.

Yaron ya yi murna ƙwarai. Amma in ya zauna bisa sirdi, ƙafarshi ba ta kai ƙasa. Sai ya riƙa zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda, yana tuƙawa a karkace, kamar yadda mu ma munka koya da kekunan iyayenmu. Na ce ba komai, haka kowa ya fara. Ran nan ya hito wata kwana, sai ga amalanken jaki gabanshi. Yatsunshi ba su kai ga hannun birki da kyau, ƙafa kuma ba ta kai ƙasa. Ya faɗi, keken ya danne shi, ya yi targaɗe a hannun dama. Sati uku bai riƙe alƙalami ba. Da hannun ya warke, sai tsoro ya rage. Keken ya yi shekara biyu jingine cikin zaure, har tayoyin sunka tsattsage don zama.

Ban ga laihin mai kekuna ba. Shi kayanshi yake so ya sayar. Ni ne na tahi sayen abin da ake aunawa, na bar mai shi a gida. Ko takalmi ba mu saya ma yaro haka nan. Mukan tahi da shi, ko mu auna ƙafarshi da kara.

Lambar da ke jikin taya

Ga wani wuri inda karatun da muke yi zai yi muku rana. Girman keken yara, da taya ake gane shi. Kuma an rubuta shi. Ku duƙa ku duba gehen taya, za ku ga lambobi a jikin roba. Misali, 20 x 1.75. Lamba ta farko, 20, ita ce faɗin da'irar tayar gaba ɗaya. Ta biyu, 1.75, ita ce kaurin tayar. Da inci ake wannan awo, ba da santimetir ba. Inci ɗaya ya yi santimetir 2 da rabi, da ɗan ɗoriya kaɗan.

In ƙura ta ruhe lambar, a shafa ɗan ruwa da yatsa, za ta hito. Wanda ya iya karanta ta, ba mai ce mashi wannan keken «daidai yaronka ne» ya yarda haka kawai.

Kekunan yara da anka hi samu su ne masu lamba 12, 14, 16, 20 da 24. Daga 26 an shiga na samari da manya. Shi kuwa baƙin keken nan na iyayenmu, mai birkin ƙarhe, irin su Raleigh na Ingila, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, yawanci 28 ne. An yi shi don babban mutum da kaya. Yana da ƙarko, ba musu. Amma ba na yaro ba ne.

Yanzu sai a auna yaron. Kada ku bi shekaru kawai. Yara biyu ƴan shekara 9, wani dogo ne, wani gajere, wani kuma ma ba a tabbatar da shekarunshi ba. Tsawo shi ne abin bi. A tsayar da yaro jikin bango, ba takalmi, dugaduganshi sun taɓa bangon. A ɗora littahi ko allo bisa kanshi, a kwance, a yi alama da gawayi. Sannan a auna daga ƙasa zuwa alamar. In babu abin awo a gida, a aro na tela. Na tela yakan kai santimetir 150.

In tsawon yaro yana tsakanin santimetir 105 da 120, kekenshi mai lamba 16 ne. Daga 120 zuwa 135, mai lamba 20. Daga 135 zuwa 150, mai lamba 24. In ya wuce 150, wato ya hi abin awon tela tsawo, to ya isa hawa mai lamba 26. Wanda bai kai 105 ba ƙanƙane ne, sai 12 ko 14, kuma wannan na wasa cikin gida ne. Yarona a wancan lokaci bai wuce 125 ba, ni kuma na kawo mashi 26. Mataki biyu na tsallake.

Waɗannan lambobi jagora ne kawai. Suna gaya maka wane layin kekuna za ka nuha in ka shiga kasuwa. Hukuncin ƙarshe sai yaron ya hau.

To, girman fa?

Na san abin da wani zai ce: Malam, in na sayi daidai shi, ba baɗi ya yi mashi kaɗan ba? Mu yi lissahi tare.

Daga shekara 6 har zuwa kusan balaga, yaro yakan ƙaru da santimetir 5 ko 6 a shekara. Kowane girman keke kuma yana ɗaukar tsawon santimetir 15, kamar daga 120 zuwa 135. A raba 15 da 5, an samu 3. A raba da 6, an samu 2 da rabi. Ke nan in ka saya ma yaro keke yana farkon awon, zai yi shekara biyu da rabi ko uku yana hawa. In an zo balaga ne abin ke sauri, yaro ya yi tsawo cikin ɗan lokaci. Ƴan mata sukan riga maza shiga wannan.

Kuma masu ƙera keke sun san yaro na girma. Shi ya sa sirdi yake bisa wani bututun ƙarhe mai shiga cikin gangar keke. In an kwance noti guda, sai a ja shi sama. Kan keke ma, inda ake riƙewa, a kekuna da yawa yana ɗagawa. Wurin girman yaro ke nan. Saboda haka keken da ya dace shi ne wanda ya yi ma yaro daidai yau, alhali sirdin yana ƙasa-ƙasa, da sauran bututu mai yawa a ciki. In sai an ja sirdi har ƙarshe kahin ya yi mashi daidai, keken ya yi kaɗan, a duba na gaba. In kuma an sauke sirdi har ƙasa amma ƙafa ba ta kai ba, ya yi yawa, a koma na baya.

In yaro yana bakin iyaka, misali 133 ko 134, kuma ya riga ya iya keke sosai, ana iya gwada mashi 24. In sabon koyo ne, a tsaya ga ƙaramin.

Gwaji a kasuwa

Ku tahi da yaron. Ko kasuwar Dole ce ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai, ko kasuwar ƙauye mai ci sati-sati, kuɗin motarshi bai kai asarar da za a yi ba in an sayo wanda bai dace ba.

Da farko ya tsaya, keken yana tsakanin ƙafahunshi, ba bisa sirdi ba, tahin ƙafa duka biyu a ƙasa. Ya kamata a samu tazara tsakanin jikinshi da sandar sama, ko da ta yatsa biyu ko uku ce. Dalili shi ne, duk lokacin da yaro ya tsorata, gaba yake dirowa. In sandar ta yi tsawo, a kanta zai sauka, kuma kun san wurin da za ta buge shi.

Sannan ya zauna bisa sirdi. In bai iya keke ba tukuna, tahin ƙafarshi duka biyu su zauna a ƙasa. In ya iya, ya isa yatsun ƙafa su taɓa ƙasa. Sai ka riƙe mashi keken, ya ɗora ƙafa bisa feda, ya juya ta baya. Lokacin da feda ta sauka can ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa amma da ɗan lanƙwasa. In yana karkata ɗuwawu dama da hagu don ya kai, sirdi ya yi sama da yawa. In gwiwa tana tasowa har tana neman bugun kan keke, keken ya yi mashi kaɗan.

Ka duba hannuwanshi kuma. Ya riƙe kan keke ba tare da ya miƙe kamar mai ɗebo ruwa a rijiya ba. Ya juya kan dama, ya juya hagu, hannu bai kuɓuce ba.

Daga nan ka ce ya kwantar da keken ƙasa, ya tashe shi da kanshi. Wannan gwaji mutane ba su cika yin shi ba, alhali yana da muhimmanci. Wasu kekunan yara, duk da ƙanƙantarsu, nauyi gare su kamar turmi, don da ƙarhe mai kauri maras kyau anka yi su. Ɗauki yaro mai nauyin kilo 24 da keke mai kilo 13. Keken ya hi rabin nauyinshi. Kamar a ba mutum mai kilo 60 keke mai kilo 32 ne, a ce ya ratsa rairayi da shi. In an samu wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin yaron ba, madalla. Irin wannan yana da wuyar samu a kasuwanninmu, gaskiya. Amma in kekuna biyu suna gabanka, ɗaga wannan, ɗaga wancan. In sauran abubuwa daidai suke, ɗauki maras nauyin.

Birki

In da za a ce in duba abu ɗaya tak a jikin keke bayan girma, birki zan duba.

Hannun yaro ƙarami ne, kuma ba shi da ƙarhin na babba. Kai in ka matsa birki da hannunka ka ji ya kama, wannan bai nuna komai ba. Yaron ne zai matsa. Ya ɗora hannu bisa kan keke, ya miƙa yatsu. Su kai ga hannun birki ba tare da ya saki riƙo ba. Ya matsa, kai kuma ka tura keken gaba. In taya ta ci gaba da juyawa, birkin bai yi ba. A wasu kekuna akwai ɗan ƙaramin noti kusa da hannun birki, wanda ake juyawa don a kawo hannun kusa da yatsu. Ka tambaya. Ni nakan gwada da ƙaramin yatsana kaɗai: in na iya matsa birkin da shi, to yaro ma zai iya.

Birki biyu ake so, gaba da baya, duka masu aiki. Keken da ake tsayar da shi da silifa bisa taya, wannan ba keken da za a ba ɗan makaranta ba ne. Ku duba robar birki: in ta cinye ta zama sumul, a canza, ba ta da tsada. Ta kama ƙarhen wili, kada ta goga jikin taya, don za ta huda ta. Ku duba wayar birki kuma, kada ya zama ta yi tsatsa ko ta fara warwarewa.

Akwai abin da ya kamata ku sani. Ba duka kekuna ne hannun birkinsu yake wuri ɗaya ba. A kekunan Faransa, hannun dama shi ke kama tayar baya. A na Ingila da Indiya, hannun dama tayar gaba yake kamawa. Tun da kekunan kasuwarmu daga ko'ina suke zuwa, sai a gwada a gani, a nuna ma yaro. In yana gudu ya damƙe na gaba shi kaɗai da ƙarhi, keken zai tsaya, shi kuma ya wuce ta sama. A koya mashi ya matsa biyun tare, a hankali.

Wasu ƙananan kekuna, da ƙafa ake yi musu birki: in an taka feda baya, sai tayar baya ta tsaya. Yana da kyau ga ƙaramin yaro, don ƙafa ta hi hannu ƙarhi. Sai dai in sarƙa ta zame, birkin ya tahi ke nan. Don haka a samu na hannu a gaba tare da shi.

Sabo ko na hannu?

Mutane na tambayata wannan. Amsata ita ce: keken hannu mai kyau ya hi sabo maras kyau. Akwai sababbin kekunan yara masu ƙyalli, ja da shuɗi, da kwando, da hotuna, da ƴan igiyoyi na lilo a kai. Yaro in ya gani, ba ya son kowane sai shi. Ka ƙwanƙwasa, ka ji. Hannun birki roba, feda roba mai taushi, wata uku sun karye. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma a kasuwar kekuna sau da yawa arahar ce ta hi yin ado.

Kekunan hannu da ake kawowa daga ƙasashen waje, da yawansu ƙarhensu na da kyau. Sai dai a duba su da idon basira, don fenti yana ɓoye abubuwa.

Fara da gangar keken. Bi duk inda ƙarhe ya haɗu da ƙarhe, musamman wuyan keke, ƙasan kai, da wurin da feda ke juyawa. In ka ga tsaga, ko ƴar siririya ce kamar gashi, bar shi. In ka ga sabuwar walda an shahe ta da fenti, keken ya taɓa karyewa. Tsaya gaban keken ka dube shi: ƙarhen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar gaba, in ya koma baya, ko fenti ya tattare a ƙasan wuya, an taɓa yin karo da shi. Taya ana canzawa, sarƙa ana canzawa, sirdi ana canzawa. Gangar jiki in ta lalace, keken ya ƙare.

Sai ka ɗaga gaba, ka juya taya, ka sa ido wurin robar birki. Wili mai lahiya yana juyawa santal. In yana rawa, yana taɓa birki nan ya bari can, ya lanƙwashe. Rawa kaɗan mai gyara zai daidaita ta. Mai yawa sai sabon wili. Ka matsa tsinkayen wili biyu-biyu da yatsu, ka ji ko akwai sakakku ko karyayyu. Ka kama taya ka girgiza ta gehe da gehe. Ka kama ƙarhen feda ka yi mashi haka. Ka matsa birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Duk inda ka ji ƙwas-ƙwas, boris ne ya saki ko ya cinye. Wannan yana gyaruwa, amma kuɗi ne, sai a rage shi cikin ciniki.

Kada ka manta ka ce a kwance sirdi a gabanka, a ɗaga shi, a sauke. A tsohon keke, bututun yakan yi tsatsa ya kahe a ciki. Keken yaro da sirdinshi ba ya motsi, ba zai bi girman yaron ba, kuma don wannan ne muke sayen shi.

In kana da mai gyaran keke da ka yarda da shi, tahi da shi, ka ba shi na goro. Abin da zai gani cikin minti biyar, kai sai ka yi wata ba ka gani ba.

Hanyarmu da kayan gyara

Kekuna da yawa don kwalta anka yi su. Mu kuwa rairayi gare mu, da jar ƙasa, da ƙaya. Siririyar taya tana nutsewa cikin rairayi, yaro ya yi ta sauka yana turawa. A nemi mai kauri: lamba ta biyu ta zama 1.75 ko 1.95 ko 2.125. Ta kasance da sauran zane a jikinta, kuma gehenta bai tsattsage ba. Tsidau da ƙayar aduwa ba su jin kunyar tsohuwar taya.

Kahin ka biya, ka zagaya wurin masu kayan keke na garinku, ka tambaya ko suna da taya da robar ciki na wannan lamba. Akwai wata dabara a nan. Tayoyi biyu suna iya zama duka 24, ko duka 26, amma ɗaya ta ƙi shiga wilin ɗaya. Don haka ake ƙara wata lamba a jikin taya, kamar 47-406. Ukun ƙarshe su ne awon wili na ainihi. Mai lamba 16 da anka saba, 305 ne. Mai 20, 406. Mai 24, 507. Mai 26, 559. Babban baƙin keke kuma 635. In ka ga wata lamba dabam, kamar 540 ko 590, ba wai keken ba shi da kyau ba ne, amma ka tabbatar ana samun tayarshi kusa. Ka rubuta lambar cikin ɗan littahinka. Ranar da za ka aika a sayo taya daga birni, takardar za ka bayar.

Keke mai canjin gudu, wanda ake ce ma mai giya, yara na son shi. Ga yaro ƙasa da shekara 9 ko 10 ban ga amfaninshi ba. Ƙarhen canjin yana rataye kusa da ƙasa, faɗuwa ɗaya ya lanƙwashe, ƙura kuma ta cika shi. Ƙasarmu yawanci shimfiɗaɗɗiya ce. Sai in hanyar makaranta tana da hawa, kamar wasu wurare na Adar, kuma akwai mai gyaran da ya san shi. Haka ma sifirin ɗin nan da ake sa ma kekuna masu araha gaba da tsakiya: nauyi kawai yake ƙarawa.

Abin da ke da amfani shi ne kariya ta ɗora jakar littattahai, da ƙararrawa, da abin nan ja mai ƙyalli na baya wanda ke haskawa in hitilar mota ta doke shi. In yaro zai yi sammako ko ya dawo da magariba, a sa mashi hitila. In zai bi babbar hanya inda motoci da babura ke gudu, a nema mashi hular kwano daidai kanshi, kuma a koya mashi ya riƙe hannun dama, kamar yadda dokar hanya take a ƙasarmu. Kada ka ƙarar da kuɗinka duka ga keken. Ka rage na famfo, da kwaɗo, da kayan faci.

Ƴan mata

Ɗiya mace ma tana zuwa kwalej, kuma nisan hanya ya hi hana ta karatu bisa ga namiji. Awon duk ɗaya ne. Amma a nema mata keken da sandarshi ta sauko ƙasa, don ta hau ta sauka da zane ko doguwar riga ba wahala. Lalle ne sarƙa ta zama a ruhe. Bakin zane ko hijabi mai tsawo, in sarƙa ko tayar baya ta kama shi, faɗuwar ba ta da kyau. A nuna mata ta tattara tufahinta kahin ta hau. Irin wannan keke, ƙannenta maza ma za su hau shi bayanta, ba abin da zai rage su da shi.

In an kawo shi gida

In yaron sabon koyo ne, ga hanya mai sauƙi. A sauke sirdi, a cire feda biyun, a bar shi ya riƙa tura keken da ƙafa a hili mai tauri. Cikin ƴan kwanaki za ka ga yana ɗage ƙafahu, keken na tahiya da shi. Sai a mayar da feda. Wurin cirewa a lura: fedar hagu a juye take, ana kwance ta ta wajen da ake ɗaure sauran notina. Mutane da yawa sun lalata ta don rashin sanin wannan.

A ajiye keke a inuwa, don rana tana cin roba. A goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Mai da yawa yana tara rairayi, rairayin kuma ya ci sarƙa. Kada a mayar da keken yaro na jigilar ruwa: bidon lita 25 kilo 25 ne, wani lokaci ya hi mai keken nauyi. In zai goya ƙanenshi a baya, a kula da ƙafar ƙaramin, don tsinkayen wili suna yi ma yara mummunan rauni a dugadugai.

Alamar gawayin nan ta jikin bango, kada a goge ta. Duk bayan wata huɗu ko shida a sake tsayar da yaron, a ga abin da ya ƙaru, a ɗaga sirdi kaɗan. A jikin bututun sirdi akwai wani zane da ɗan rubutu, kusa da ƙarshe. Iyaka ce. Kada zanen ya hito waje, in ba haka ba bututun na iya karyewa ko ya fasa gangar keke. Ranar da anka kai ga zanen, gwiwar yaro kuma ba ta miƙewa, keken ya zama na ƙanenshi, ko a sayar a cika kuɗi a ɗauki na gaba.

Ni dai daga baya na sayar da wancan babban, da hasara, na sayo na hannu mai lamba 20. Yanzu yana wurin yaro na uku a gidana. An canza mashi taya sau biyu, sarƙa sau ɗaya, robar birki kuwa na daina ƙirgawa.